Shaidar Kande

Malam Sallau mai zane ne a Funtuwa, yana zaune da 'yarsa Kande. Fenti bai yanke musu ba, gwaninta ma akwai. Abin da suka rasa shi ne mai yarda da su. Tun da na'urori suka iya zana komai kafin ƙiftawar ido, masu saye suka koma neman aikin hannu, amma suna zargin kowa da ha'inci.

Ranar kasuwa Kande ta raka babanta sayar da zanen wani tsohon rimi, don a kansa suka sa ran cefane. Wata hajiya ta tsaya, ta shinshina zanen.

"Malam, ina kuskuren?"

Ya nuna mata reshen da ya karkace.

"Ai na'urorin ma sun koyi kuskure. Mu ga hannunka."

Ya miƙa, fenti har cikin farce.

"Wannan kowa yana shafawa kafin ya fito."

Kande ta kasa haƙuri. "Wallahi Hajiya, a gabana Baba ya zana shi!"

Hajiya ta dubi fuskarta, ta dubi ta Malam, ta yi murmushi. "Tubarkalla, ta iya. Har kama kun yi. Ina ka samo hayarta?"

Malam ya sunkuyar da kai. Hajiya ta wuce rumfar gaba, inda wata yarinya ta riga ta fara rantsuwa.

Nan Kande ta gane cewa a wannan kasuwa, ko ita ba a yarda 'yar babanta ce ba.