Musabaha da Mai Shuɗin Zare

Tun da ciwon saɓulewar fata ya shigo gari aka daina musabaha da mai shuɗin zare a hannu, don kada fatarsa ta saɓule. Zaren na nufin yana jiran allurar danƙo, wanda masana ke haɗawa a ɗakin bincike don ya riƙe ƙwayoyin jiki kada su rabu.

Ƙanin Barau ma ya ɗaura zaren. Dakta Garzali ya yi masa allurar har ya murmure, sannan ya tsayar da ita da gangan, wai yana son ganin yadda ciwon ke dawowa. A tabarma aka tattara gawar.

Yau a wurin ɗaurin aure Barau ya hango likitan yana jan hannun riga, yana ɓoye nasa zaren. Ya ratsa taro ya miƙa masa hannu. Jama'a na kallo, ƙin karɓa kuwa tonon asiri ne.

"Likita, ina gajiya?"

"Ba gajiya," ya amsa, ya ba shi hannu.

Barau ya damƙe da hannu biyu, ya ji fatar na zamewa.

"Ya iyali? Tsaya mana, ranka ya daɗe. Ni ma gani kawai nake son yi."