Ɗan Kunnen Auraki

Tun da aka kafa dokar ɗan kunne, mutum da dabba kowa na da nasa. Kore lafiya lau ke nan. In ya koma ja, kumburin ƙwaƙwalwa da laka ne, sai motar hukuma ta zo.

Na Auraki, jakin da Bawale ke ɗibar yashi da shi, ya wayi gari jawur. Kwana da kwanaki jakin yana zagaya turke, yana dafe goshi da bango, ƙafafun baya na karkarwa. Bawale ya ce iska ce, ya tare a gindin turken yana masa hayaƙin tazargade, sauro na cin su tare.

Ya yaɓe ɗan kunnen da taɓo. Duk da haka, kafin hantsi motar ta iso da wani ma'aikaci.

"Yaro, wanda ya shiga motar nan yana dawowa kuwa?" in ji Bawale.

"Baba, ni dai kai su nake yi," in ji ma'aikacin, yana kwance igiya. "Akwai mai kwana kusa da shi? Sauro na kai wa mutum ciwon."

Bawale zai buɗe baki, sai ga matarsa Tasalla ta fito da hular haɓar-kada, a wannan zafin na bazara. Ta kifa masa, ta ja ta har ta rufe kunnuwansa.

"Babu kowa, ɗan nan," ta ce.

Bawale bai tambaye ta abin da ta gani a kunnensa ba. Ya san taɓo ma bai hana mota zuwa ba.