Gaisuwar Minti Uku

Tun da aka kafa turaku masu magana a ƙofar kowane gida, minti uku kacal ake ba motar baƙo. In maigida bai ce wa turkensa "na yarda" ba, motar da kanta take tashi ta koma bayan gari.

Ɗanlami ya kawo gyatumarsa ta duba yayanta da ke kwance rai a hannun Allah. Ƙofar gidan ta cika da motoci, sai ya tsaya a ta maƙwabci, Malam Barau, wanda ke zaune kan tabarma yana yankan farce. Tsohuwar ba ta iya takawa, don haka ya bar ta a mota, ya je ya durƙusa.

"Baba, don Allah kalma ɗaya za ka ce wa turken nan."

"Kai, ɗan nan, babu gaisuwa? Ina wuni?"

"Lafiya lau, Baba. Motar ce..."

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya mai jiki?"

Turken ya ce, "Saura minti ɗaya."

"Da sauƙi, Baba. Ka taimaka!"

"Jiya na yardar wa 'yan dubiyarku, suka tare mini ƙofa har magariba, ko sannu ban samu ba," in ji Malam Barau, idonsa na kan farcensa. "To ya hanya? Kun samu ruwa can wajenku?"

Ɗanlami ya haɗiye maganar da ta zo masa baki, ya ce sun samu. A bayansa ya ji motar ta kulle kanta. Ko da ya waiwaya, ta fara sulalewa, gyatumarsa na bubbuga gilashi da tafin hannu.

Malam Barau ya ajiye reza, ya gyara zama.

"Madalla. To yanzu, me ke tafe da kai?"