Rawanin Mai Gari

Da hantsin ranar kasuwar Gure dogari ya zare wa tsoho mai shelar garin gangarsa daga kafaɗa, gangar da ya gada wajen mahaifinsa, wadda ta ciyar da gidansa shekara talatin.

Laifinsa magana ɗaya ce. Jiya, da ya gama shelar aikin hanyar Nasara, bakinsa ya ƙi tsayawa, ya ƙara da cewa sabon rawanin mai gari ya fi kan da ke cikinsa nauyi. Mata uku ne kawai a wurin, ɗayarsu ma kurma ce.

"Daga yau ba kai ba shela!" in ji mai gari. Ya dubi ƙanen matarsa da aka rataya wa gangar. "Je ka sanar an kore shi, ka faɗi dalili, kowa ya shiga taitayinsa."

Sabon mai shela mutum ne mai bin ƙa'ida. Ƙa'idar garin kuwa, kowace shela sau uku ake yin ta a kowace kusurwar kasuwa, ba ragi.

Tsohon ya zauna gindin aduwa yana ƙirgawa da yatsu.

"Jama'a ku saurara! An kore shi don ya ce rawanin mai gari ya fi kan da ke cikinsa nauyi!"

Masu raƙuman garin Bune suka bar ciniki. Matan garin Kelle suka toshe baki da gefen zane.

Ana cikin shela ta goma sha biyu mai gari ya fito a guje, kai ba rawani. Tsohon ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ni dai sau ɗaya na faɗa."