Ƙwaryar Ruwa a Kujerar Baya

Tunda ka ce tsohuwar mota kake nema, gyara zama, don a kan mota babu mai kawo mini wargi. Wani maɗinki ne ke da tsohuwa mai ciwon baya, kullum roƙonta a kai ta ƙauyensu ta ga ƙanwarta tun suna da rai. Hanyar kuwa duk rami ce, likita ya ce jijjiga ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kwantar da ita. Da ya fita neman mota, sai wani dillali ya nuna masa motoci biyu irin na da, masu ƙofa huɗu. Ɗaya baƙa ce doguwa, kujerun fata, kana zama kana nutsewa. Ɗayar fara ce mai ɗagaggen baya, fenti ya koɗe, ƙofarta sai an haɗa da kafaɗa. Duk majalisa aka ce baƙar, wai ko a tsaye ta fi. Shi dai maɗinki bai taɓa yanka yadi bai auna ba, kuma abin da ke cin ransa shi ne, me bayan tsohuwa zai ji?

Ya aro ƙwarya, ya cika ta da ruwa fal, ya ɗora kan gammo a kujerar bayan baƙar, ya ce a hau hanyar ƙauye. Dillali ya zauna kusa da ƙwaryar yana dariya, ya ce, "Maigida, mota za ka saya ko wanka za ka yi mata?" Ramin farko baƙar ta yi lilo kamar kwalekwale, na biyu cikinta ya daki ƙasa. Kafin su kai gada dillali ya jiƙe har aljihu, ya fito yana tafiya a wawware. Aka sake cika ƙwarya aka sa a farar. Ƙara kam ta yi, kamar ana dakan gero a but ɗin bayanta, amma ta riƙa haɗiye ramukan ɗaya bayan ɗaya, ruwan da ya zube bai cika ludayi ba. Ita ya saya. Ran tafiya tsohuwa ta yi barci tun daga bakin gari, sai muryar ƙanwarta ce ta tashe ta, ta buɗe ido ta fara yi wa ɗanta faɗa, wai me ake jira ba a tashi ba har yanzu.

To ka ji. Sai an gwada akan san na ƙwarai.