Abin da Kaka Ya Faɗa a Silima

Khalidu ya ƙura wa telefon ido. An turo masa tsohon silima marar murya da wani nasara ya shirya a garin Arlit, ma'aikatan mahaƙar ma'adinai ne ƴan wasan. Ga ubansa, wanda ya rasu ya bar shi a goye, yana wasan mai mutuwa. Ya faɗi a hannun amininsa Rhissa, bakinsa na motsi.

"Ubanka gwani ne," in ji tsoho Rhissa, wanda ya reni Khalidu. "Sai daga baya ne zazzaɓi ya yi ajalinsa."

Radiyya, ɗiyar Khalidu, ta leƙo. Tun da sanƙarau ya kurmantar da ita, a leɓe take gane magana.

"Baba, maido baya." Ta sake kallo. "Kaka cewa yake, 'Ba wasa nake ba. Ƙirjina. Ku kai ni likita.'"

Khalidu ya dube ta ido da ido. "Mai riƙe da shi fa, me ya ce?"

Rhissa ya miƙe yana laluben takalminsa.

"Ya ce, 'Daure, aboki. Nasara bai ce a tsaya ba.'"