Gurbin da Kowa Ya Ɓoye

Kyaftin Elwood Pruitt bai taɓa gaya wa kowa inda yake ɗebo kawa, naman ruwan nan mai ɓawo, ba, ko matarsa. Gurbin yana ƙasan ruwa bayan wani tsibirin ciyawa. Kakansa ya nuna wa ubansa, ubansa ya nuna masa. Haka masuntan garin Halsey suke. Tambayi mutum inda ya yi kamu, ya nuna maka gabas alhali daga yamma ya fito, kuma ba mai kiran wannan ƙarya.

Sai majalisar gari ta tashi yashe tashar jiragen ruwa, daga baya a gyara gaɓa, a gina gidajen abinci saboda masu zuwa hutu. Lakar da za a kwaso dole a zuba ta wani wuri a teku. Darlene Messick, 'yar majalisa da suka yi firamare tare da Elwood, ta kira taron masunta, ta shimfiɗa taswira, ta roƙi kowa ya zana inda yake aiki don a kauce masa.

Elwood ko hula bai cire ba. "Darlene, mu za a yi wa wayo? Yau taswira, gobe ku ce mu kwashe komatsanmu, muna damun baƙinku da ƙarnin kifi."

"Kyaftin, ajiye rigimar gaɓa sai lokacinta," in ji ta. "Yanzu dai nuna mini."

Ya waiga ya ga surukinsa Vernon yana miƙa wuya. Sai ya karɓi alƙalami ya zagaye wani wurin da ko ƙaguwa ba ta kulawa. Vernon ya yi irin tasa, sauran suka bi. Aka fito ana dariya, wai an yi wa hukuma dabara.

Injiniyoyi suka duba taswira. Ko'ina akwai zane, ban da bayan tsibirin ciyawa. Sai suka zaɓi can don zuba lakar.

Da bazara Elwood ya hangi jirgin laka ya nufi can. Bai kai ƙara ba. In ya je wa Darlene, ai ya tona asirin kakansa. Ya ce wa kansa wucewa jirgin zai yi.

Ranar da aka buɗe kamun kawa ya isa gurbin, sai ya tarar da jirgin Vernon da na sauran. Ashe sirrin da kowa ke ƙunshewa ɗaya ne. Ya zura dogon awartakinsa, ya ɗago baƙar laka mai wari da matattun ɓawo. Dattijon ya zauna ya yi kuka kamar yaro.

Bai koma gida ba. Ya cika bokiti da lakar, ya dire shi a teburin majalisa.

"Ga gadon kakana, Darlene. Wannan da hannunmu muka binne shi. Amma gaɓa ba za ku same ta a ɓagas ba. Kowane taro muna nan, da bakinmu, kuma ko jirgi ɗaya ba zai motsa ba."

Sun tsira da wurin ɗaure jiragensu. Kawar dai ba ta dawo ba har Elwood ya bar duniya.

Jama'a, in hukuma ta zo da shiri a kan abin da kuke ci da shi, ku je, ku faɗi gaskiya, ku tsaya a kanta. Wanda ya ɓoye abinsa ranar tambaya, shi ya ba da izinin a binne masa.